Netflix, Canal ko mai turi: wa ke cin kuɗin kallonmu a Tawa?

Mushe Habibu:
Assalamu alaikum 'yan fada. Shawara nake nema. Jika 10 (sefa dubu 10) nake warewa kowane wata don kallo a gida, kuma abonman Canal ke cinye ta duka. Yanzu yara sun taso ni gaba wai abokansu Netflix suke kallo. Uwargida ta ce kar a taɓa mata tashoshin Hausa. Ni kuma in babu ƙwallo ranar Asabar, gara a sayar da telen. Ga wani ƙanena a Yamai yana ta yi min tallar Prime Video. Albashin malamin makaranta ba ya ɗaukar uku. Waɗanda suka gwada su faɗa min gaskiya.

Rakiya:
Wa alaikumus salam Mushe. Ni Netflix nake kallo, amma ba ni kaɗai ke biya ba. Mu huɗu ne a ɗakinmu na jami'a, yayan ɗaya daga cikinmu ya buɗe da katin bankinsa, mu kuma muna tura masa namu kason ta kamfanin tura kuɗi na Nita. Finafinan Koriya da na Sipaniya babu kamar can. Amma in ƙwallo kake so ka manta, babu Firimiya babu Laliga.

Sani Ɗan Abijan:
Mushe ka tsaya kan Canal ɗinka. Ni daga nan Abijan nake sabunta wa tsohuwa nata duk wata, lambar dekoda kawai nake bayarwa, kafin in gama gaisawa da mai butik hoto ya dawo a Tawa. Netflix kuwa sai ka nemi mai katin banki, sai ka sayi mega, sannan ka roƙi rezo ya yarda.

Laminu Injiniya:
Kafin ku zaɓa masa, ku bari in faɗi yadda kasuwar take, don rigimar da ke falon Mushe reshe ce ta wani dogon faɗa da ake yi a Amurka.

An kafa Netflix a 1997, a 1998 ta fara aika wa mutane faifan DVD ta gidan waya. A 2007 ta soma nuna fim ta intanet, sai a Janairun 2016 ta buɗe wa ƙasashe 130 a rana ɗaya, har da namu na Afirka. Shekaru da dama tana cin karenta babu babbaka, manyan kamfanonin fim suna ba ta hayar kayansu suna karɓar kuɗi suna murna. Da suka farga ita ke kwashe masu kallo, sai kowa ya janye kayansa ya kafa nasa dandalin. Apple da Disney duk a Nuwamban 2019, HBO Max da Peacock a 2020, Paramount+ a 2021. Disney+ kaɗai ta samu mutum miliyan 10 a ranar farko.

Daga nan aka shiga ɓarin kuɗi. Farashi ƙasa, finafinai masu tsadar gaske, kowa burinsa a ce ya fi kowa yawan masu rajista ko da asara yake tafkawa. Sashen Disney na intanet ya yi asarar kusan dalar Amurka biliyan 4 a 2022. Akwai wani mai suna Quibi da ya tara dalar Amurka biliyan 1.75, ya buɗe a Afrilun 2020, a Oktoba ya sanar da rufewa. CNN+ wata ɗaya ta yi a duniya.

Sai a Afrilun 2022 Netflix ta sanar cewa ta rasa masu rajista 200,000 cikin wata uku, karon farko a sama da shekara 10. Washegari hannun jarinta ya zube da kusan kashi 35 cikin 100. Tun ranar masu zuba jari suka daina tambayar mutum nawa kuka tara, suka koma tambayar riba nawa kuka ci. Abin da ya biyo baya kun gani: Netflix da ta sha rantsuwa ba za ta sa talla ba, ta kawo tsari mai talla a Nuwamban 2022, ta hana aron lambar sirri a 2023, kowa kuma ya hau ƙarin farashi. A ƙarshen 2024 ta wuce masu rajista miliyan 300, daga 2025 ma ta daina bayyana adadin duk wata uku.

Sani Ɗan Abijan:
Injiniya, wannan ai aikin 'yan kamasho ne a tasha. Kana sauka daga kabu-kabu wannan ya kama jakarka, wancan ya kama hannunka, kowa na cewa saura mutum ɗaya a tashi, har kuɗin mota a rage maka. Da zarar mota ta cika an rufe ƙofa, sai yaron mota ya ce kuɗin kaya daban.

Rakiya:
Yaya Laminu, tsaya. Hana aron lambar sirrin nan ya shafe mu? Mu dai har yau muna shiga.

Laminu Injiniya:
Dokarsu ita ce asusu ɗaya na gida ɗaya ne. Sun ce suna duba adireshin intanet ɗin da ake shiga da shi, da lambar na'ura, da yadda ake amfani da asusun. A tele sun fi matsawa. Ran da suka ga dama za su nemi lambar tabbatarwa, ita kuma wurin mai asusun take zuwa. In yayan ƙawarki na barci ko yana hanya, sai ki jira. Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu sayen gurbi a hannun 'yan WhatsApp. Ka biya na wata, bayan kwana kaɗan a canza lambar sirri, mai sayarwa ya daina ɗaukar waya, kuma ba ka da inda za ka kai ƙara tunda tun farko ba bisa ƙa'ida aka yi cinikin ba.

Ila Mai Turi:
Ina karanta ku ina dariya. Duk waɗanga kamfunna da Injiniya ya lissafa, wane cikinsu ya taɓa amsar dala 10 (sefa 50) hannun yarinya mai tallar gyaɗa? Ni ina amsa kullum. Ku zo rumfata bakin kasuwa ranar Lahadi ku gani. Kwamfuta guda, diski uku, fanka ƙarama tana hura su don zahi. Kowane kaya da jakarshi: Indiya fassara, Hausa mai dogon zango, Koriya, Turkiyya, wa'azi, kokowa, waƙa. Mutumin ƙauye shi aje wayarshi, in liƙa mata takarda da sunanshi, shi tahi shi sai da akuya, kahin shi dawo na cika mishi. Matan aure ba su zuwa, ƙaramin yaro suke aikowa da kart memwar naɗe cikin takarda, an rubuta kashi na nawa anka tsaya. Ba mega, ba katin banki, ba rezo. In kuɗɗinka ba su cika ba, ka cika wata kasuwa. Ku gaya min wanda zai kayar da ni.

Nasiru Kamara:
Ila, ka faɗi komai ban da abu ɗaya. Kayan wa kake sayarwa? Ni na yi gajeren fim da kuɗin aljihuna, na biya 'yan wasa, na biya mai kiɗa, na sa a YouTube da dare. Kafin azahar yana rumfunan turi, wanda ya tura ya ci dala 10, ni ko ruwan sanyi ban samu ba. Haka aka kashe kasuwar faifai a Kano, shi ya sa masu shirya fim suka watse zuwa YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. Abin da kuke yi sata ce, ko da mutum na alwala kafin ya kunna kwamfutar.

Ila Mai Turi:
Nasiru ka iya bakinka. Wanda na tura ma him ɗinka shina da megar kallon shi a YouTube? Ba ya da ita. In ban tura ba, ba ya ganin ka har abada. Ni na sa anka san huskarka a Bagga da Barmu.

Admin:
Jama'a a yi muhawara, ban da kiran juna ɓarawo. Nasiru, Ila, duk kuna da magana, ku faɗe ta da ladabi.

Laminu Injiniya:
Ko da yake ban goyi bayan turin kayan mutane ba tare da izini ba, Ila ya taɓo inda ke ciwo. Netflix da kanta ta rubuta cewa awa ɗaya na cin har jiga 1 a hoto na talaka, har jiga 3 a hoto mai kyau. Shiri mai kashi 16, kowane kashi awa guda, ku lissafa da kuɗin forfe. Za ku ga kuɗin rajistar shi ne ƙarami, megar ce babbar. Wato a nan Netflix ba da Disney take takara ba. Da Ila take yi, da YouTube, da TikTok, da kuɗin cefane.

Kuma ba yau aka fara ba. Afrostream, wadda aka yi wa laƙabi da Netflix ɗin Afirka, ta buɗe a Faransa a 2015, ta rufe a 2017. Kwesé ta kamfanin Econet ta rufe a 2019. iROKOtv ta Jason Njoku, da ta fara da finafinan kudancin Najeriya tun 2011, a 2020 ta karkata ga 'yan Afirka mazauna Turai da Amurka don su ke kawo mafi yawan kuɗin. Mushe, Prime Video ɗin da ƙanenka ke yi maka talla, a Janairun 2024 Amazon ta daina ɗaukar nauyin sababbin finafinan kanta a Afirka da Gabas ta Tsakiya. Najeriya da Afirka ta Kudu ma da suka fi mu masu katin banki nesa ba kusa ba, bai ishe ta ba.

Rakiya:
Yaya Laminu, lissafinka na wanda ke kallo da forfe ne. Wa ke yin haka yanzu? Tun da Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, ta shigo ƙasar a 2025 wifi zon ya cika unguwanni. Ka sayi tikitin awa kaɗan, ka zauna ka sauke kashi goma a waya, ka koma ɗaki ka kalla ba intanet. Manhajar ta yarda da saukewa, kuma a ƙaramin hoto ba ta cin komai. Mu haka muke yi. Nan da shekara kaɗan wanda zai ji jiki Ila ne, ba Netflix ba.

Ila Mai Turi:
Ƙanwata, wifi zon biyu na layinmu, ɗaya nawa ne.

Sani Ɗan Abijan:
Hahaha! Ila ba ka da dama.

Laminu Injiniya:
Rakiya, na yarda wifi zon ya sauƙaƙa, amma a gari. Kuma ko an ba kowa intanet kyauta, saura hanyar biya. Mutum nawa a Tawa ke da katin da zai yi sayayya a waje? Kuɗinmu a hannu yake, ko a waya, ko a Nita da Amana. Sannan ɗabi'ar kashe kuɗinmu ta yau-da-gobe ce: sukari na dala 10, mega na kwana ɗaya, kiredi na jika rabi. Tsarin da zai cire maka kuɗi kai tsaye ranar kaza ga kowane wata an gina shi ne don mai albashi a banki. Duk wanda ya fara sayar da kallo na kwana ɗaya, a biya da waya, shi ya fahimce mu.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Ku duka him kuke magana. Ni in gaya muku abin da ka sa namiji shi hidda kuɗɗi ba gardama: ƙwallo. Him shina jira, yau ko gobe ɗaya ne. Ƙwallo ba ta jira. Gidana benci ne da rufin kwano, tele biyu, gurup a bayan ɗaki da yaro zaune kusa da shi, allo a ƙofa ana rubuta wasannin ranar da alli. Ran da Real da Barsa sunka haɗu, mutane har bisa katanga. Akwai samari masu cewa sun bar zuwa, wai suna kallo a waya ta wasu shafuka. To, hoton waya a baya yake. Mu nan an yi ihu an gama, an fara zagin gola, shi can ƙwallo ba ta ma kai tsakiyar hili ba. Sati mai zuwa za ka gan shi ya dawo benci da dala 20 ɗinshi.

Laminu Injiniya:
Alhaji, abin da ka gani daga kan benci shi manyan suka gano da biliyoyinsu. A Indiya, Disney ce ke da masu rajista da yawa saboda gasar kurket ta IPL. Da kamfanin Reliance ya karɓe haƙƙin nunawa ta intanet, ya sake ta kyauta a manhajarsa ta JioCinema a 2023, miliyoyin mutane suka bar Disney. Ƙarshe dai a 2024 kamfanonin biyu suka haɗe kasuwancinsu na can. Netflix da ta daɗe tana cewa ba ruwanta da wasanni, a Nuwamban 2024 ta nuna damben Mike Tyson da Jake Paul kai tsaye, daga Janairun 2025 kuma ta ɗauki kokowar Amurka ta WWE kan kimanin dalar Amurka biliyan 5 na shekara 10. Showmax, dandalin kallo na kamfanin MultiChoice mai DStv, da ta sake shiri a Fabrairun 2024, abin da ta sa a gaba shi ne Firimiya a waya.

Dalilin a fili yake. Babban ciwon kan waɗannan kamfanoni shi ne mai shiga ya kalli shiri ɗaya ya fita. Wasanni kuwa duk sati akwai, daga Agusta har Mayu, ba ka da ranar fita.

Mushe Habibu:
To Injiniya, a taƙaice in zauna inda nake ke nan?

Laminu Injiniya:
Ni a ganina ƙwallo da tashoshin Hausa sun riga sun yanke maka hukunci, mutum biyu cikin masu faɗa a ji a gidan suna gefe guda. Ga kuma wani abu: a Yunin 2025 Canal+ da Netflix sun ƙulla yarjejeniyar sa Netflix cikin tsarin Canal a ƙasashe 24 na Afirka kudu da Sahara. Ka tambaya a butik wane tsari ne ke ɗauke da ita da nawa yake. Ka lura dai ita ta intanet take zuwa, ba ta kwanon da ke kan rufi ba, mega na nan daram.

Ku dubi ma'anar yarjejeniyar. Netflix na da fim amma ba ta da rumfa a Tawa. Canal na da rumfa, da dekoda a falo, da mai karɓar kuɗi a hannu. Sai suka daina faɗa suka raba. A Satumban 2025 kuma Canal+ ta karɓi ragamar MultiChoice, mai DStv da GOtv da SuperSport. Wato mai tauraron ɗan'adam na ƙasashen Faransanci da na ƙasashen Ingilishi yanzu gida ɗaya ne. Ni wannan ne ke ɗan tayar min da hankali, don in masu sayarwa sun ragu, mai saye ba ya da bakin ciniki.

Mushe Habibu:
Na gode. Zan leƙa butik ɗin in ji. Yara kuma su yi haƙuri da wifi zon ɗin Ila ran da babu lakkol.

Hajiya Zeinabu:
Sannunku da muhawara. Mushe, kafin ka tura yara wifi zon ka saurare ni. Kun yi ta lissafin mega da biliyoyi, babu wanda ya tambayi me ke cikin abin. Tele a falo kowa na gani, in abin kunya ya fito ana canza tasha. Waya kuwa a ƙarƙashin bargo take. Na taɓa karɓar wayar ɗiyar ƙanwata, zane ne na yara a sama, amma abin da ake faɗa ciki ba na yara ba ne. Ba mu kaɗai ke kuka ba, a Satumban 2022 Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa na yankin Gulf sun fito fili sun nemi Netflix ta cire abubuwan da suka saɓa wa addini, har da waɗanda aka yi don yara.

Na biyu, harshe. Surukata ba ta jin Faransanci, balle ta karanta rubutun ƙasan hoto. Amma in aka sa mata fassarar Algaita ko shirin Arewa24, sai ta manta da goronta. Duk fim dubun da ke cikin Netflix ɗin nan, a wurinta bango ne.

Rakiya:
Hajiya, akwai gurbin yara daban, kuma ana sa wa na manya lambar sirri. Iyaye ne ba sa koyon yadda ake yi. Kuma gaskiya finafinan Koriya da yawa sun fi wasu namu kunya. Abin da ke yawo a TikTok kyauta ya fi komai muni, shi kuma ba wanda ya ce a hana.

Hajiya Zeinabu:
Ɗiyata, lambar sirrin wa ke sawa? Yaron da ake son a tsare shi ne ake miƙa wa wayar ya gyara. Maganar TikTok kuwa na yarda da ke ɗari bisa ɗari, shi ma ba na ƙaunarsa.

Nasiru Kamara:
Maganar Hajiya ta biyu ita ce tawa. Masu jin Hausa miliyoyi ne daga Agadas har Kumasi, har Sudan, har Jidda. Arewa24 ta nuna tun 2014 cewa akwai masu kallo. Northflix ta fito a 2019 don a biya a kalli finafinan Kano ta intanet. Canal ta buɗe tashoshi na musamman da Wolof da Fulatanci. Kasuwa na nan. Abin da babu shi ne hanyar da kuɗin mai kallo zai iso hannun mai fim. YouTube talla take biya da ita, kuma tallar da ake nuna wa mai kallo a Nijar ba ta da daraja kamar wadda ake nuna wa na Saudiyya ko Faransa. Shi ya sa mai shiri ke jan labarin da ya kamata ya ƙare a kashi 10 har kashi 100, yana cusa tallar maganin gargajiya da ta atamfa a tsakiyar kuka. Ba rashin basira ba ne, yunwa ce.

Baba Amadu:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Garin ga da kuke ciki, nan Mustafa Alasan ya zauna har ƙarshen rayuwarshi a 2015. Mutumin da ya yi zane mai motsi da kwaɗi tun 1966, lokacin da ƙasashe da yawa ba su san ana yi ba. Umaru Ganda shi ya fara cin babbar kyautar Fespaco, bikin finafinan Afirka, a Wagadugu a 1972. Jikokina sun san 'yan wasan Koriya da sunansu da ranar haihuwarsu, waɗanga biyu ba su taɓa jin su ba. Ban ce laihin Netflix ba ne. Wanda bai aje kayanshi inda ake gani ba, ba ya cewa an ƙi saye.

Sannan Injiniya ya ce an sayi kokowar Amurka, wadda kowa ya san shiri ce, da biliyan 5. Tamu ta gaske fa? Nan Tawa anka fara gasar ƙasa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Har yau in ana Takobi, wato gasar kokowar ƙasa, kasuwa tsayawa take, kowa na gaban Télé Sahel ko rediyo a kunne.

Sani Ɗan Abijan:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ka zo Abijan lokacin Takobi ka ga 'yan Adar. Mutum ashirin kan waya ɗaya, ana bin wani da ya ɗora wayarsa gaban tele a gida yana watsowa ta Facebook, hoto na rawa, murya na yankewa. Wallahi da akwai inda za mu biya jika ɗaya mu gani tsaf, da gudu za mu biya. Mu da ke waje mu ne ke da wifi da kuɗin biya, kuma mu ne kewar gida ke ci.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
A'a Sani. Ran da anka ce sai an biya kahin a ga Takobi, ran nan za a yi tawaye. Abin kowa ne.

Sani Ɗan Abijan:
Alhaji ban ce a rufe wa na gida ba. Na gida su gani kyauta kamar kullum, mu na waje mu biya, a ba 'yan kokowa kasonsu.

Laminu Injiniya:
Abin da iROKO ta gano ke nan bayan ta ƙona kuɗi mai yawa, Sani ya faɗe shi daga Abijan kyauta. Sai dai ku ƙara da kuran a lissafi. Kowa ya tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mafi yawan wutarmu. A lokacin tele ta zama ado, waya da ƙaramin panno suka riƙe mutane. Abonman wata kuwa ba ya tsayawa don an ɗauke wuta, kwanakinka na tafiya. Duk mai son kasuwar nan ya gina abinsa kan waya, ya yarda a sauke a kalla daga baya.

Nasiru Kamara:
Wato ya gina rumfar Ila, amma mai biyan haƙƙi.

Ila Mai Turi:
To ai ga ni. Nasiru, bari mu bar zage-zage mu yi ciniki. Sabon him ɗinka kar ka sa shi YouTube tukuna. Kawo min shi sati biyu kahin kowa. In tura shi dala 20 maimakon 10, rabi naka rabi nawa. Ina da littahi, duk wanda na tura ma ina rubutawa.

Nasiru Kamara:
Wanda ka tura wa na farko zai ba abokinsa ta Xender, abokin ya kai wa mai rumfar da ke kusa da kai, shi kuma ya sayar dala 5. Kwana nawa kake ganin za mu yi?

Ila Mai Turi:
Kwana ukku, in munka yi sa'a huɗu. Amma kwana ukkun ga sun hi abin da kake samu yanzu. Kuma masu turi na kasuwa mun san juna, muna da shugaba. In anka ce kayan ɗan gari ne, kowa ya amsa daga hannu ɗaya ya ba da kaso, ana iya yi. Wanda ya saɓa mun san yadda muke da shi.

Rakiya:
Yaya Nasiru, in ka yarda ka sa tallar minti ɗaya a status, mu za mu yaɗa a jami'a. Amma don Allah a gyara sauti, na baya iska ta cinye rabin maganar.

Hajiya Zeinabu:
Ni kuma sai na ga abin da ke ciki kafin in ce mata su aiko yara.

Nasiru Kamara:
Hajiya, ke za ki fara gani. Ila, littafin nan naka ina son in riƙa duba shi da idona kowace yamma, kuma kashi 60 nawa, 40 naka, tunda ni na biya 'yan wasa.

Ila Mai Turi:
Kuran da hayar rumfa wa ka biya min? Rabi da rabi. Ka taho gobe bayan la'asar da kile ɗinka, Alhaji shi zama shaida.

Alhaji Mai Gidan Kallo:
Gobe akwai wasa ƙarhe biyar. Ku same ni gidan kallo, ku zo da kuɗɗin shiga.